Rigar Silinda ta Huɗu

Zuwa ga mahaifina, marigayi Malam Sani Makanike,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifi, Baba, tsoro ne ya sa na ɗauki biro.

Ka san tun bayan rasuwarka nake Madina, a garejin wani Balarabe a Jurf. Shi ne kafilina, wato uban gidan da ya tsaya mini, sunansa ke kan iƙamata, takardar izinin zamana. Yana da tsohuwar motar tsere mai bulok, wato gangar jikin inji, na alminiyam, kuma ran Juma'a bayan la'asar babban ɗansa zai zuba ta a hanyar Khaibar.

Bututun ƙarfen nan da ake zurawa cikin bulok, wanda fistin ke kai da komo a ciki, a nan ƙamis suke ce masa, wato riga. Da ka ji da ka yi dariya.

Na tuna ka a Fagge, kana shafa bakin bulok da farcen babban yatsa, ido a rufe. Kakan ce, "Ido na ƙarya, farce ba ya yi."

To, na shafa, Baba. Riguna uku sun kama farcena, ta huɗu ta nutse. Ɗan kaɗan ne, amma ka san sauran: inji ya ɗau zafi, gasket ɗin da ke toshe bakinsu ya saki, ruwa ya shiga silinda, inji ya buga ana tsakiyar gudu. Wallahi ko abinci ba ya shiga mini.

Ga inda na yi wautar. Da kafilin ya ce in rufe injin haka nan, sai na sunkuyar da kai na ce "tayyib", yadda nake ce maka "to", wato na ji, ba wai na yarda ba. Shi kuwa ya ɗauka na ce lafiya lau. Har ya dafa kafaɗata.

Kai ka koya mini kada in musa wa babba, kai kuma ka koya mini farcen. Yau sun raba hanya. In na yi magana, yana iya sa ni a jirgi zuwa Kano. In na yi shiru, ɗan nasa da zai tuƙa motar, matarsa na da ciki.

Na zare rigar ta huɗu, tana nan naɗe a tsumma kusa da ni. Gobe zan ajiye ta a gabansa in ce "la", wato a'a. Baba, ka yafe mini rashin kunyar.

Allah Ya haskaka kabarinka, ni kuma Ya ƙarfafa mini harshena gobe.

Ɗanka,
Habu