Bindigar Da Birai Ba Sa Tsoro

Masiphumelele,
6 ga Mayu.

Zuwa ga yayana, Bhuti Zwelandile,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Yaya ƙafar taka, har yanzu tana hana ka sauka rafi? Yaya Mama da tarin nan nata? Ka gaishe ta da kyau, ka gaida matarka da yara. Ni lafiyata ƙalau, sai sanyi da ruwan sama. Makazi Nofezile ta riƙe ni kamar yadda yayarta Mama za ta riƙe ni. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san inda na tsaya a makaranta.

Kuɗin tumakin da ka sayar sun iso ta hannun direban bas. Da na buɗe takardar sai na tuna tunkiya biyun nan su ne masu haihuwa.

Bari in gaya maka aikin da kyau, don a waya ban iya yi maka bayani ba. Akwai unguwar masu kuɗi a gindin dutse. Gwaggon biri na saukowa garke guda, su shiga gidaje, su buɗe firij da hannunsu, su kwashe burodi da ƙwai. Ba a yarda a kashe su ba. Sai masu gidajen suka haɗa kai suna ɗaukar mutane su tsaya a bakin dutse tun safe har yamma, suna mayar da su. Abin korar bindiga ce mai aiki da iska, tana harba 'yan ƙwallaye masu fenti a ciki, girman idon akuya. Ba ta kisa, zafi kawai. 'Ya'yan masu kuɗi har biya suke yi ranar Asabar su je fili suna harbin juna da ita don daɗi. Ni wannan har yau ban gane shi ba.

Matar da ke riƙe da aikin, Misis Kotze, ta ce za ta gwada ni wata ɗaya, in na iya in zauna. Amma kowa da tasa bindigar yake zuwa.

Akwai wani tsoho a aikin, Oom Gawie, shekara goma sha ɗaya yana bin birai, ba haƙori ko ɗaya a gaban bakinsa. Shi ya raka ni shago. Bhuti, bango guda duk bindigogi ne, amma biyu kaɗai kuɗina suka kai. Ɗaya tsohuwa ce, wani ya gama ci da ita, ruwan ɗorawa, duk ta kwaile, an naɗe mariƙinta da salatif, ga wani ƙoƙon roba a samanta kamar tulu, nan ake zuba ƙwallayen. Ɗayar sabuwa fil, baƙa wuluk, sak irin ta sojoji. Ƙwallayenta a wani ɗan gida suke zama ta ƙasa, ba a ganinsu.

Oom Gawie ya ce, "Ɗan ƙauye, ɗauki mummunar."

Na ce, "Oom, wannan da aka ɗaure da salatif?"

Ya ce, "Ita. Aure za ka ko korar biri?"

Ya zuba ƙwallaye a ƙoƙon ya girgiza ta a kunnena, ta yi kacau-kacau kamar gwangwani da tsakuwa. Ya ce, "Ka ji?" Na ce na ji. Ni a zatona aibinta yake nuna mini don mu nemi ragi. Mai shagon kuwa ya ɗora mini baƙar a kafaɗa, ya juya ni wajen madubi, ya ce, "Dube ka, sai ka ce kwamanda." Na ce zan yi tunani.

Ranar Litinin na koma ni kaɗai na sayi baƙar. Ka ga, na yi tunanin abin da ya tsorata mutum ai zai tsorata dabba. Kuma gaskiyar magana, na kasa yarda a ce tumakinka biyu sun koma abin da aka ɗaure da salatif. Ban gaya wa Oom ba tukuna. Gobe zan fara. Ka ce Mama ta sa ni a addu'a ranar Lahadi.

Ni ne ƙanenka mai ƙaunarka,
Masixole.

Masiphumelele,
20 ga Mayu.

Bhuti Zwelandile,

Ina gaishe ka, ina gaida Mama da kowa na gida. Na ji an yi ƙanƙara a wajenmu, da fatan ba ta taɓa rufin ba. Ni jikina lafiya, amma raina ba daɗi.

Ranar da Oom Gawie ya ga bindigar, bai yi faɗa ba. Ya daɗe yana kallonta, ya ce, "To, soja, Allah ya ba da sa'ar yaƙi." Tun daga ranar sauran suke kirana Soja.

Bhuti, biran nan ba kallon bindiga suke yi ba, saurare suke yi. Shekara da shekaru duk wanda ya harbe su mai ƙoƙo ne, kuma kafin zafin ya zo sai sun ji kacau-kacau. Yanzu ƙarar kaɗai ta ishe su. Oom zai wuni bai harba ko biyar ba, girgiza kawai yake yi yana tafiya, garken duka su juya. Kuma suna gane ƙoƙo cike da ƙoƙo wofi ta ƙarar. Tawa ba ta da murya. In na girgiza ta, shiru, kamar na girgiza itace. Sai na harba, ga shi gidanta sha takwas kawai yake ɗauka. Kafin in tsuguna in cika da hannu mai sanyi, sun wuce ni ta hagu da dama.

Akwai babbansu, ana ce masa Fasto, don a kan rufin coci yake shan hantsi. Shekaranjiya ya zo ya zauna gabana, tsakaninmu bai fi taku biyar ba. Na ɗaga masa bindigar. Ya yi hamma, ya sosa cikinsa, ya wuce. Oom yana daga can yana cewa, "Sara masa mana, Soja, ai ya girme ka a muƙami."

Na tambaye shi me ya hana ya gaya mini a shago. Ya ce, "Na girgiza maka ita a kunne, yaro. Biri ma ya gane."

Abin da ya fi damuna, su mutane tsoronta suke ji. Rana ta biyu direban tasi ya sauke ni a hanya, wata mata tana ta kuka a baya. Yanzu a bargo nake naɗe ta. Makazi ta ce kada ta ƙara ganinta a fili a ɗakinta, akwai ido a unguwar. Na mayar da ita shago, mai shagon ya ce abin da aka harba ba ya komawa, sai dai ya saye ta a kuɗin da ko rabin tsohuwar ba zai kai ba.

Saura sati biyu. Ina gudu fiye da kowa, ko hakan zai cike. Kada ka gaya wa Mama wannan tukuna.

Ƙanenka,
Masixole.

Masiphumelele,
3 ga Yuni.

Bhuti na,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da Mama. Kafin ka karanta ƙasa, ka sani ba abin da ya same ni a jiki sai ɗan kumburi a kunci.

Ranar Laraba da hantsi Fasto ya wuce ta gefena ya haura wata katanga. Gefena ne, in an yi ɓarna sunana za a rubuta. An gaya mana ba a shiga gidan kowa sai da izini, amma na ji ƙarar kwanuka a ciki, sai kawai na haura ni ma. Na dira a gaban wata tsohuwa tana shanya. Ba ta ga biri ba, ni ta gani, baƙo da hula har kunne da bindigar soja. Ta danna abin kiran masu gadi da ke rataye a wuyanta, ta zauna a ƙasa tana roƙona kada in kashe ta. Ina ce mata, "Mama, biri ne, biri," amma bakina ya ƙi ba ni Turancin.

Masu gadin suka zo su uku da bindigogin gaske. Ɗaya ya taka wuyana, fuskata a cikin laka. Na ji ƙarfe a ƙeyata, mai sanyi. Wallahi Bhuti, abin da ya zo mini a rai shi ne wa zai biya kuɗin kai gawata gida. Oom Gawie ne ya iso yana haki, yana ihu, "Fenti ce, ku jakuna, fenti ce." Ya ɗauki bindigata ya harbi katanga, ta yi kore, sannan suka ɗaga ni. Duk wannan Fasto yana kan rufi da ledar burodi, yana ci yana kallonmu.

Misis Kotze ta ce in tafi, ta sallame ni. Oom ya bi ta har mota yana magana, ban ji duka ba. Da ya dawo ya ce, "Ta yarda ka ƙarasa gwajin. Ranar Litinin ka zo da bindiga irin ta mutane. Amma wannan baƙar, ko a mafarki kada ta ƙara taka titin nan."

Tsohuwar bindigar mai ƙoƙo tana nan a shago, na leƙa jiya. Kuɗinta ne babu. Makazi ba ta da shi, Oom yana da jikoki biyar a kansa, kai kuma ba zan ƙara tambayarka ba.

Sai ga wani abu. Akwai wani a layinmu, Bra Sgora, ba ya aikin komai amma takalminsa kullum sabo. Ya tare ni a bakin famfo ya ce, "Ɗan'uwa, na ji an ce kana da kyakkyawar yarinya a bargo, kuma ta ƙi ka." Na ce ta fenti ce, ba ta kisa. Ya yi dariya ya ce, "Ni da kai muka sani." Ya ce zai ba ni duk abin da na biya, har da ƙari.

Bhuti, ba tsaunin birai zai hau da ita ba. Na sani, kai ma ka sani. Ina so ka gaya mini abin da zan yi, amma bas sai Juma'a, amsarka kuma sai wata Juma'ar. Litinin za ta riga ka.

Naka,
Masixole.

Masiphumelele,
24 ga Yuni.

Zuwa ga Bhuti Zwelandile,

Ina gaisuwa. Na samu takardarka, na karanta ta sau uku. Ka ce in jefa baƙar bindigar a teku in dawo gida, tumaki suna sake haihuwa. Na gode. Takardar ta iso ranar Juma'a, ni kuma na sayar wa Bra Sgora da bindigar tun ranar Lahadi bayan an taso coci.

Na sayi tsohuwar mai ƙoƙo. Tana aiki. In na girgiza, garken na juyawa tun daga nesa, har Fasto. Oom bai tambaye ni inda na samu kuɗin ba, ya dube ni kawai ya ce, "Yanzu ka zama ɗan aiki." Sun daina ce mini Soja. Jiya Misis Kotze ta ba ni riga mai sunana, ta ce na zauna.

A tashar tasi akwai wata mata mai suya fanke, a wajenta nake karyawa tun da na zo. In ta ga ina rawar sanyi takan ƙara mini ɗaya. Satin da ya wuce mutum biyu suka tsaya mata da rana tsaka, ɗaya ya buɗe rigarsa ya nuna mata baƙar bindiga irin ta soja. Sun kwashe cinikin, ta ja da baya a firgice ta faɗa kan kaskon mai. Tana asibiti, hannunta na dama ne. Bindigogi sun yi yawa a garin nan, Bhuti, ban san ko ita ce ba. Ban tambaya ba. Na canza hanya, yanzu ta bayan makaranta nake bi.

Ƙarshen wata zan aiko da kuɗin maganin Mama da abin da ya samu. Ka gaya mata na samu aikin. Iyakar abin da za ka gaya mata ke nan.

Ni ne ƙanenka,
Masixole.