Tocilar da Baban Rahila Ya Ɓalle

Zuru, daren Laraba, Agusta 2006

Haushi ya hana ni barci. Tocilar da yayana soja ya kawo mini, wadda ake matsawa da hannu ta kawo haske, yau mijina ya sa wuƙa ya ɓalle ta. Wai zai shanya batirinta a rana kamar na rediyonsa. Sau nawa na ce masa ba ta aiki da batir?

Bayan magariba kunama ta harbi 'yata Rahila a ɗaki. Da ashana na yi ta neman kunamar, ban gan ta ba.

Shi kuwa cewa ya yi, "Maman Rahila, an cuci yayanki, ba batir a ciki."

Ni da Rahila mun dawo rumfa. Shi ya kwana a ɗakin!