Farfela Mai Haƙori Goma

Zuwa ga ɗana Injiniya,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da mutanen shagonku. Ƙanwarka Auta ce ke rubuta mini. Na ce ta rubuta yadda na faɗa, kada ta ƙara gishiri.

Yau kwana tara jirgi na ɗaure. Inji na tashi da ja ɗaya kamar kullum. In ana tafiya a hankali, lafiya lau. Da na murɗa mai sai ya kama ihu kamar karen da aka taka wa wutsiya, jirgi kuwa yana nan inda yake. Kada ka ce mini giyar inji ce. Na tsiyayi man giya na murza a yatsa, babu ɓarɓashin ƙarfe. Na sa Auta ta ja layi da farin fenti daga noti har jikin farfela. Muka zaga sau ɗaya muka dawo, layi ya rabu biyu, kowane ya kama gabansa. Robar cikin cibiyar farfela ce ta saki. Sandar inji na juyi, farfela na kallonta.

Shugaban 'yan fito ya ce in wata ya ƙare ban sauka ruwa ba, layina na fito ya zama na Mai Jar Hula, wanda ya daɗe yana harinsa. Shekara arba'in da ɗaya ina fito a mashigin nan. Ka aiko mini farfela.

Allah ya yi maka albarka.
Mahaifinka

*

Zuwa ga Baba,

Ina gaishe ka cikin ladabi, da fatan kowa na gida lafiya. Jikokinka suna gaisuwa.

Na karanta bayaninka, ban ga abin gyarawa ba; roba ce. Lambar injinka tana cikin littafina, na duba takardar kamfani na zaɓo farfelar da ta dace da ita. Tana hannun direban motar safe.

Sai dai, Baba, kai ka koya mini cewa roba ba ta saki haka kawai. Ko dai ta tsufa, ko an bugi wani abu. Wannan kuwa bara ka saye ta. Me ka buga?

Ɗakin nan na gaba har yanzu babu kowa a ciki. In ka gaji da ruwa, naka ne.

Ka huta lafiya.
Ɗanka

*

Injiniya,

Gaisuwa. Kayanka sun iso, ga su nan sun komo maka.

Farfela kyakkyawa, tana ƙyalli kamar goshin angon bana. Amma ba ta shiga ba. Haƙoran cibiyarta goma sha uku, na sandata goma. Sau uku na bi su da farce. Wato karatun da muka sha wahala a kansa bai kai ƙirga haƙori ba?

Lambar da ke littafinka ta kan inji ce. Ƙafar, wato ɓangaren da ke cikin ruwa, ba tasa ba ce. Shekarar babbar ambaliya, kana rarrafe, itace ya tsinke ƙafar injina. Marigayi baffanka ya kwance ta nasa ya ba ni, ya ce nasa kan ya riga ya mutu, gara a haɗa rabi da rabi a samu guda. Kwana biyu muna fiƙe ƙarfe kafin su yarda da juna. Takardar kamfani ba ta san baffanka ba. Da ka tambaye ni.

Mai Jar Hula ya zo jaje, bakinsa na jaje, idonsa na kan layina. Wai in ɗora sabuwar in bi ta da guduma. Na ce matarsa ma da guduma ya shigar da ita gida? Ya ce to in huda tsohuwar in kafe cibiya da ƙusoshi, ba za ta sake sulɓewa ba. Na ce sannu, gwani. Robar nan ba ado ba ce. An sa ta ne don in an yi karo ita ta saki, giya ta tsira. Wanda ya kafe ta, ranar karo giyarsa ce za ta zube.

Saura kwana goma sha biyu. Ka nemo mai haƙori goma. Ɗakinka kuma ka zuba kaji.

Mahaifinka

Yaya, ni ce Auta. Bai san na ƙara wannan ba. Kututturen da ke gaban tsibiri ya buga, da rana tsaka, da mutum goma sha huɗu a ciki. Na yi ihu, ya ce ina? Layin fentin ma ni na gaya masa ya rabu. Watan jiya ya gaida turmi, ya ɗauka mutum ne. Ka rufa mini asiri.

*

Zuwa ga Baba,

Ina gaisuwa. Na karɓi laifina na lamba, na kuma sha dariya a shago, don maigidana ya ce a kawo ka ka koya mana aikin.

Na zaga shago shida na samu mai haƙori goma. Na ƙirga da farce, yadda kake yi. Tana kan teburina, da sabon noti da fil da wasa, zoben ƙarfen da ke zama a bayanta.

Ba zan ba direba ba sai ka amsa abin da ka tsallake. Me ka buga? Ban taɓa yi maka musu ba, Baba. Amma ka faɗa da bakinka: roba ke saki don giya ta tsira. Wannan karon roba ta ɗauki bugun. Ban san abin da zai ɗauka a karo na gaba ba, kuma mutane kake ɗauka, ba buhuna ba.

Ka yafe mini.
Ɗanka

*

Kai,

Ba gaisuwa yau. Kwana biyu ban ce a ɗauko takarda ba. Ni za ka riƙe wa farfela kamar mai hana yaro alewa? Na kuma san inda ka ji. Ran nan na gama magana, alƙalami bai gama tafiya ba. Idona ne ya yi rauni, ba kunnena ba. Rubuta, Auta, kada ki tsaya kuka.

Ka san bangon rumfata. Farfela goma ke rataye, kowace da ƙusarta, kowace na san abin da ya kashe ta. Ta farko dutsen mashigi, ina saurayi ina nuna wa uwarku gudu. Ta uku tarun masunta. Ta shida kai ne, ranar da ka saci jirgi kana shekara goma sha uku, ka dawo ka ce kada ne. Na yi niyyar dukanka, da ka faɗi gaskiya kuma na fasa. Jiya na ɗauki ta goma sha ɗaya zan rataye, na tsaya da ita a hannu. Ban taɓa rataye ƙarya a bangon nan ba.

Kututture ne. Na gaban tsibiri. Na san shi tun yana bishiya, na sha inuwarsa. Na san yana nan, ban dai gan shi ba. Ruwa da sama sun zame mini abu ɗaya, kamar an shafa toka.

To ga abin da na yanke, ba shawara nake nema ba. Auta ta iya riƙon inji tun tana 'yar shekara goma sha biyu, ta fi ka hannu, ka ji haushi in ka ga dama. Ita za ta riƙe. Ni zan zauna kusa da ita in faɗa mata hanya, don ita saman ruwa take gani, ni na san ƙasansa. Na gaya wa shugaba. Ya ce ba a taɓa yi ba. Na ce haɗa kan inji da ƙafar wani ma ba a taɓa yi ba, ga shi shekara talatin yana fito da kai.

Saura kwana huɗu.

Mahaifinka

*

Ɗana,

Gaisuwa da sa albarka. Ta iso, ta zauna kamar a nan aka haife ta. Na shafa wa sanda giris, wasa ta shiga, farfela ta bi, na ɗaure noti, Auta ta lanƙwasa fil. Ta ja layin fenti. Sawu shida muka yi da cikakken kaya, ta ce layi na nan a miƙe. Mun wuce kututture ta hagu da tazarar gora biyu. Mai Jar Hula ya biya kuɗin fito kamar kowa, ya zauna a baya.

Ta goma sha ɗaya na kan ƙusarta.

Kada ka zuba kajin tukuna. Ka tambayo mini ranar da likitan ido yake zama. Ban ce zan zo ba.

Mahaifinka