Gidan Sauron Inna Ba Taru Ba Ne

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Ya gida, ya yara, ya ruwan Yawuri?

Jiya malaminmu ya kai mu bakin teku. Jirage sun dawo da 'ya'yan kifi, ko yatsa ba su kai ba, masu abincin kaji suka kwashe a arha. Wani tsohon masunci ya ce mini, "Iyayen mun cinye, jikoki muke ɗiba."

Ina komowa masaukina a unguwar Cheras sai ga hotonka a waya, kana su a kogi da gidan sauron da na saya wa Inna! Haba Yaya! In ka kwashe ƙananan bana, me za ka kama baɗi? Don Allah ka mayar mata.

A sa ni a addu'a. A gaida Inna, in sauro ya bar ta ta runtsa.

Ƙaninka,
Bello