Faifai Mai Ɗigo Uku

Mama Ireti, don Allah ki ba ni shawara, kaina ya ɗaure. Ki yi haƙuri da rubutuna, da girma na koye shi a ajin manya na yamma, ina da shekara sittin da ɗaya.

Zan fara da abin farin ciki don kada ki ce ni butulu ne. Wata guda ke nan da matar ɗana Dimeji ta haifa mana mace. Ranar suna da aka zagayo kaina in sa mata nawa sunan, na ɗiga mata zuma a baki na ce Yewande, wato "uwa ta dawo" da Yarabanci, tunda ita ce mace ta farko da ta shigo gidanmu bayan rasuwar kakarta. Wallahi har hancin Aduke ta ɗauko. Na yi rawa har hulata ta faɗi, mata suna ta yi mini tsiya wai tsoho ya yi sabuwar amarya.

Aduke matata ce, shekara tara ke nan da rasuwarta. Ita tafireta take bugawa a ofis, ni kafinta ne. Duk Asabar ɗin ƙarshen wata sai ta ja ni shagunan faya-fayen garmaho a kasuwar Dugbe, nan Ibadan. Ta zaro faifai daga kwalinsa, ta karkata shi wajen haske ko yana da karce, ta sa mai shago ya saka mata gaba da baya. Ni ina riƙe da jakarta, masu shago suna kirana ɗan dakon Madam. Da yake ban iya karatu ba lokacin, sai take ɗiga jan farce a tsakiyar kowane faifai don in gane shi. Ɗigo ɗaya, kiɗan jaz ne na rawa. Biyu, tsofaffin waƙoƙin soyayya masu taushi, na yammacin Lahadi. Uku kuwa nata ne ita kaɗai, irin kiɗan nan na masu gwaje-gwaje da ba kai ba gindi. Ni faɗan tukwane nake ce masa, na kuma hana a saka shi in ina gida.

Bayan sadakar arba'in, da aka zo rabon kayanta, Dimeji ya ce, "Baba, faya-fayen fa?" Na ce ya fitar mini da su, ba na son ganinsu. Ya kira mai saye, aka kwashe akwati uku. Garmahon kaɗai ya rage.

Tun da aka haifi yarinyar nan wani faifai mai ɗigo ɗaya ya hana ni sukuni. Shi muka saka ranar da muka dawo da Dimeji daga asibiti, Aduke tana zaune, ni ina rawa da jariri. So nake in yi wa Yewande haka. Amma ban san sunansa ba, ban san sunan mai busar ba. Kwalinsa ruwan ƙasa ne, da hoton wani mutum riƙe da ƙaho ya juya baya. Mako uku ina bin shaguna, daga Dugbe zuwa Mokola. Wani mai shago ya ce mini, "Baba, masu ƙaho sun fi ɗari a nan, wanne ne surukinka a ciki?"

Ran Talatar waccan, a shagon wani dattijo, Baba Olasupo, ina zaro faya-faye ɗaya bayan ɗaya sai ga jan farcen Aduke. Ɗigo uku. Na juya kwalin na ga rubutun hannunta, wanda na sha gani a da ban san me ya ce ba. Na karanta a hankali: "Baban Dimeji ya ce wannan faɗan tukwane ne. Wata rana zai zauna ya ji shi har ƙarshe." Sai da mai shago ya turo mini kujera ya ba ni ruwa. Na saye shi, yana kan tebur, na kasa ɗora masa allura.

Da na koma gida ranar nan, Dimeji ya tare ni. Ya ce, "Baba, kullum kana yawon neman Mama a cikin kwalaye, ga ta can a kan gado tana kuka, sau biyu kacal ka ɗauke ta." Raina ya ɓaci, na ce ai wanda ya sayar da uwarsa a akwati uku ba shi da bakin magana. Yau kwana goma. Yana zubewa ya gaishe ni kamar kullum, amma daga gaisuwa sai ya tashi. Ko ɗakin jaririyar kunyar shiga nake ji.

In ci gaba da neman faifan nan, ko in haƙura? Kuma yaya zan yi da ɗana?

Kakan Yewande, Oke-Ado, Ibadan.

*

Baba, barka da samun Yewande, Allah ya raya ta, ya kuma jiƙan Mama Aduke. Rubutunka ba shi da abin neman afuwa.

Neman da kake yi ba shirme ba ne, kuma Dimeji ya yi kaushin baki da ya mai da shi yawon banza. Amma ka sake karanta wasiƙarka. Da hannunka ka rubuta cewa kai ka ce a fitar da faya-fayen. Yaron nan umarninka ya bi, alhali shi ma kwana arba'in ke nan da binne mahaifiyarsa, kuma a cikin wannan kiɗa ya tashi. Maganar da ka yaɓa masa ta fi tasa nauyi nesa ba kusa ba. Kai ne babba, kai za ka fara. Gobe in ya zube gaisuwa, ka riƙe hannunsa, ka gaya masa ka yi kuskure. Ba sai ka tsawaita ba.

Sannan ga abin da baƙin ciki ya rufe maka. Lokacin da kake ƙirga ɗigo, akwai wanda yake karanta sunayen da ke jikin kwalayen nan a cikin gidanka, ƙila ma shi ake aika ya ɗauko su. Mutumin da ya fi kowa damar tuna sunan mai ƙahon nan shi ne wanda kake gaba da shi. Ka tambaye shi. Ku je wurin Baba Olasupo tare, ku tambaye shi daga hannun wa ya sami mai ɗigo ukun nan, ka kuma rera masa sautin da kake nema, don tsofaffin masu shago da kunne suke gane kayansu. Ka mai da neman Asabar ɗin ƙarshen wata kawai, kamar yadda kuka saba da Mama Aduke. Sauran kwanakin na Yewande ne. Wataƙila a dace, wataƙila faifan ya daɗe da barin gari. Ka shirya wa duka biyun.

Shi kuwa na kan tebur, kada ka bar shi ya ƙara kwana a kwali. Ka nuna wa Dimeji rubutun mahaifiyarsa, ka karanta masa da bakinka. Ka ɗora Yewande a cinya, ka rage ƙarar saboda kunnenta, ka sa allura. Ko da har yanzu faɗan tukwane ne, kada ka tashi sai ya ƙare. Matarka ta ce za ka zauna, ka cika mata maganarta.

Allah ya sanyaya zuciyarka, ya daidaita tsakaninka da ɗanka.

Mama Ireti