Saura Rufi

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna, gwiwar ta yi sauƙi? Ya maigidanki da yara? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Yaran sun ɗan rame, amma uwarsu ta ce tsawo suke yi.

Kin tuna ɗakin da na gina wa Inna, wanda na aiko muku hotonsa? Ko dokin ƙofa ban yi masa ba saboda gwiwarta. To, tun da benaye suka kewaye unguwarmu, benayen da mu muke ɗora bulonsu, komai ya yi tashin gwauron zabi. Watan jiya mai harajin gidaje ya zo da igiyar awo, ya ce fili ya yi daraja, ga ƙarin ɗaki, harajina ya ninka. Na ce masa ɗakin tsohuwata ne, ba na haya ba. Ya ce, “Malam, takarda ba ta san tsohuwa ba. Duk abin da ke da rufi ɗaki ne.”

Ranar Asabar na hau da kaina na cire kwanon rufin ɗakin. Shekara ashirin ina gini, guduma ba ta taɓa yi min nauyi kamar ranar ba. Kwanon na sayar, shi muke ci yanzu.

Na san Inna ta ɗaure kayanta tun bara. Don Allah kada ki karanta mata wannan. Idan ta sake tambayar yaushe za ta zo, ki ce mata saura rufi. Ba ƙarya za ki yi ba.

Allah Ya ja kwananta har in mayar.

Ƙaninki