Birki ya cinye kuɗin gas

Yaya,

Na fita kana barci, ban tashe ka ba don kada in sha faɗa da sassafe. Ƙafafun kekenka na kabon, masu tsadar nan marasa nauyi, da ka ara mini saboda tseren yau suna kan kekena, ko ƙwarzane babu!

Jiya saura ƙiris in yi ɓarna. Na ce mai gyara ya ɗaura su da tsohuwar robar birkina, sai ya ɗaga ta a rana ya nuna mini ɓurɓushin ƙarfen tsohuwar ƙafar kekena duk ya nutse a ciki. Ya ce ina matsa birki sau ɗaya za ta karce maka kabon kamar an sa wuƙa.

Robar birkin ƙafar kabon iri biyu gare shi. Mai arahar, in ta yi zafi a gangara sai ihu, in ana ruwa kuwa sai addu'a. Ɗayar ta ninka ta uku a kuɗi. Na juya, na juya, na tuno fuskarka, na ɗauki mai tsadar. Na gwada ta a gangaren bayan makaranta: shiru, laushi, tsayawa cak! Ni kaɗai a titi ina ta dariya kamar zautacce.

To, kuɗin gas ɗin da ka ba ni ne suka tafi. Ka yi haƙuri, tukunyar gas babu komai, kada ka wahalar da ashana. Na dafa maka shayi a maƙwabta, yana cikin filas.

In na ciyo tseren, cikon gas nawa ne har ƙarshen shekara. In ban ciyo ba, ina gidan Inna sai ka huce.

Ƙaninka